Haƙƙin Ɓeran Masar a Kan Mai Kiwonsa

Duk wanda ya san gidajen haya na Adjamé da Treichville, inda iyalai da dama suke tarayya a tsakar gida ɗaya, ya san cewa wanda ya yi niyyar kiwon ɓeran Masar a nan Abijan, ƙuncin wuri ne zai fara yi masa cikas tun kafin tsadar abinci.

Wannan dabba, wadda asalinta duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka ko da yake mun jingina ta ga Masar, ba ta hawa bisa, saboda haka faɗin ƙasan keji ake lissafawa, tsawonsa sama ba ya ƙara mata komai. Biyu suna bukatar kusan murabba'in mita 1, kuma tun da cikin mace bai fi kwana 72 ba, wajibi ne mai kiwo ya tanadi wurin 'ya'ya tun kafin su zo, ya kuma raba manyan maza, domin idan suka haɗu a gaban mata sai sun ji wa juna rauni. Daɓen waya yana kumbura musu tafin ƙafa. Zafi kuwa, da laimar wannan birni na bakin ruwa, suna iya halaka garken da aka cunkushe ƙarƙashin kwano cikin yini guda.

Malamai sun sha karanta mana hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kuma a ganina wanda ya kulle dabba ashirin a akwatin da bai ishi biyar ba, lalle ya kusanci wannan hukunci. In wurin bai samu ba, a rage garken.