Amsar Wasiƙunku: Kitsen Jini Mai Kyau Da Maras Kyau

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Ƙanƙara. Ya ce an auna jininsa a asibiti, likita ya ce kitsensa mai kyau ya yi ƙasa, ya dawo gida bai gane ba. "Yaya kitse zai zama mai kyau?"

To Alhaji, abin da likitoci ke kira kolestarol wani maiƙo ne da hanta ke yi, jiki kuma yana bukatarsa. Masu dakonsa a cikin jini iri biyu ne. Na farko, LDL, shi ke zubar da kaya a bangon jijiya har hanya ta ƙuntace, daga nan sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Na biyu, HDL, shi ke kwashe rarar ya mayar wa hanta. Shi ne mai kyau ɗin. Duba takardarka: idan na namiji ya gaza 40, ko na mace ya gaza 50, ya yi ƙasa.

Cikin abubuwan da ke ɗaga shi akwai motsa jiki. Manomi da damina ba ya bukatar wa'azina, fartanya ta isar masa. Amma rani fa? Ga kuma 'yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa da rashin tsaro ya raba da gonakin nesa, suka koma zaman gari. Kai kuwa Alhaji, na san halin 'yan kasuwa: daga kan babur sai kan buhu, daga kan buhu sai masallaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Ajiye babur, ka taka zuwa rumfa. Tumbi in ya ragu, HDL yakan ƙaru. Mai shan taba kuma ya bari, domin taba na rage shi.

Wajen ci, arzikin yana ƙofar gidanmu: gyaɗa, riɗi, wake, kifi, miyar kuɓewa da zogale, tuwon dawa da furar gero. Man gyaɗa ya fi man shanu da kitsen tsire sauƙi ga zuciya. A rage lemon kwalba da sukarin mai shayi. Man da aka soya ƙosai da shi yau, gobe, jibi, har ya yi baƙi, a zubar. Na san uwargida za ta ce mai ya yi tsada, gaskiyarta, amma kuɗin asibiti ya fi.

Sai dai kada wani ya sayar maka da "maganin ƙara kitse mai kyau" a lasifikar kasuwa. A shekarar 2006 an dakatar da gwajin wani magani na kamfanin Pfizer: ya ɗaga HDL sosai, amma mace-mace suka ƙaru. Shi ya sa likitoci yanzu suka fi sa ido kan rage LDL. In an rubuta maka ƙwayar rage shi, ka sha yadda aka ce, kada ka yanke don ka ji garau.

Bayan wata uku ka koma da takardar a sake aunawa, ka roƙi a duba maka hawan jini da sukari a tafiya ɗaya.