JAWABI A TARON ƘUNGIYA: DA MUGUWAR RAWA GARA ƘIN TASHI?



Kakanni sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Maganar tana da wurinta, amma ta zaunar da mutane da yawa. Akwai mai cewa shi ba ya aiki sai wanda ba a iya kushewa. In kun duba, ba aikin yake wa tattali ba, dariyar mutane yake tsoro.

Ku tuna sassabe. A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gona fes, ko tohon sabara bai bari ba. Iska kuwa ta zo ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, sai an sake iri. A 1983, wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa kututturan da ake sara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya ce a bar toho mai ƙarfi, a rage sauran. Manoman farko da suka yarda sun sha dariya, ana ce musu raggaye masu ƙazamar gona. Bayan yunwar 1984 dabarar ta fara yaɗuwa. Shekara ashirin da wani abu bayan haka, masu bincike suka ƙiyasta itace kamar miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo, kalgo da sabara sun dawo, ga itacen wuta, ga abincin bisashe.

Waɗannan mutane ba sakaci suka yi ba. Gyaran toho ya fi sharewa bukatar ido da haƙuri. Kasada suka yi da hankali, suka haɗiye kunya.

Haka cirani. Wani yana can shekara da shekaru, ya ƙi zuwa gida sai ya cika akwati. Wani ya ƙi fara sana'a sai jari ya kammala. Iyaye kuwa suna tsufa.

Roƙona shi ne, bana kowa ya ware gefe guda na gonarsa, ko ɗan abin da asararsa ba ta kayar da gida, ya gwada sabon abu. Wanda gwajinsa bai yi ba, kada mu yi masa dariya. Mu tambaye shi abin da ya gani.

Allah ya ba mu damana mai albarka.