Wa Ke Bukatar Hannunka a Unguwarku?

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa a sansanin Minawao)

 

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin yaranmu, a Facebook da WhatsApp. Wai mutum ya nemo abin da ransa ke so ya bi shi, shi ke nan ya samu rayuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma ku kawo ta nan Minawao mu ga yadda za ta zauna. Yaron da ya baro Gwoza ko Banki yana ƙarami, burinsa ya zama likita ko matuƙin jirgi, yau ya zama saurayi, hanyar kuwa ba ta buɗe ba tukuna. Idan aka ce masa rayuwa ba ta da amfani sai ya samu wannan buri, to an ce masa ke nan ya zauna ya jira. A 2013 aka buɗe sansanin nan. Ku lissafa shekarun da kanku.

Kun fi ni sanin abin da jira ke haifarwa. Zaman majalisa daga safe har magariba, shan tramol, faɗa a layin rabo kan abin da bai kai ya kawo ba, da tunanin da ke hana uwa barci. Wani ma yakan sulale da dare ya kama hanyar iyaka, iyayensa ba su sake jin ɗuriyarsa ba.

To ku dubi bishiyoyin da muke zaune a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka daɗe a nan sun san lokacin da neman itacen girki ya cinye dajin da ke kewaye da mu. Mata suna tafiya mai nisa, ga fargabar hanya, ga saɓani da mutanen ƙauyukan da suka karɓe mu, waɗanda su ma da dajin suka dogara. Da hukumar HCR da ƙungiyar LWF suka kawo aikin dashe, mutanenmu ne suka yi shi. Su suka cika leda da ƙasa da taki a gandun reno, su suka yi ban ruwa safe da yamma. Su suka koyi binne wannan mazubi na kwali mai kama da zobe, wanda ke ɗaukar ruwa lita 25 yana shayar da saiwa kaɗan-kaɗan har dashen ya kama ƙasa. Ina tambaya, wa ya taso yana mafarkin cika leda da taki? Babu. Sun ga ana bukata ne, suka miƙa hannu. Yau ku je ku taɓa dalbejiyar da ɗayansu ya dasa, ku ga yadda zai taso muku kamar kun taɓa ɗansa. Son aikin daga baya ya zo, bayan hannu ya saba, bayan ya ga tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a inuwar da ya dasa.

Haka matan da ke haɗa gawayi da ragowar amfanin gona. Aikin ƙura ne da baƙin hannu, amma kowane buhu da suka haɗa, wata yarinya ce aka hutar da shiga daji.

Ba na ce kowa ya binne burinsa ba. Mai son likitanci ya shiga cikin masu zagaya gidaje suna faɗakarwa kan wanke hannu da kwalara, ya raka mai ciki asibiti, zai koyi abin da zaman jira ba zai koya masa ba. Wadda ta iya karatu ta tara yaran maƙwabta uku da yamma ta duba musu littafi, musamman masu fama da Turanci. Mai ƙarfi ya ɗebo wa gwauruwa ruwa.

Iyaye, gare ku nake roƙo. Idan yaro ya dawo daga aikin sa kai, kada a tare shi da “nawa aka ba ka?” Gaskiya ce, wani aikin akwai ɗan alawus, wani babu ko sisi, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Na san rabon abinci ba ya isa. Amma ku ne kuka koya mana cewa da zaman banza gara aikin kishiya. Ku tambaye shi wa ya taimaka wa yau, ku sa masa albarka.

Duk mai son shiga dashe, faɗakarwa ko koyar da yara, ya ba shugaban unguwarsu sunansa da abin da ya iya, ko da ɗinki ne ko gyaran famfo. Mata kuma za su iya bayarwa ta hannun wakiliyarsu.