Kafin Mu Gyaɗa Kai ga "Bincike Ya Nuna"



A taron bita akan ce mana "bincike ya nuna", sai mu gyaɗa kai. To, ga misali. A Jami'ar Stanford ta Amurka, Walter Mischel ya riƙa ajiye wa yara alewa, wanda ya daure bai ci ba a ƙara masa. Aka yayata cewa masu dauriyar ne ke fice a karatu. Amma a 2018 wasu masana suka sake duba batun da yara sama da 900. Da suka yi la'akari da halin gidajensu, sai alaƙar ta ragu ƙwarai.

Don haka mu riƙa tambaya: yara nawa aka gwada? 'Ya'yan su wane ne? An maimaita gwajin? Kada mu kira yaron da ya zo aji da yunwa marar haƙuri.