CIN RANI DA MAKOMAR ALAKOS: JAWABI A BIKIN CIKAR SARAUTA SHEKARA ƊARI

 

Mai martaba Sarkin Alakos, Allah ya ja zamaninka. 

An umarce ni da in yi magana a kan al'amarin da ya shafi kowane gida daga Garazu har ƙauyen da ya fi nisa, wato tafiyar ƴaƴanmu birane neman abin kai.

Ranka ya daɗe, cin rani tsohon abu ne a wurinmu. Allah ya ajiye mu a bakin iyakar noma, inda damina ba ta cika wuce wata uku ba. Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba a 1913 da 1914 sun san darajar rumbu. Da an gama girbi sai majiya ƙarfi su nufi Damagaram ko Nguru ko Kano, domin a rage bakin da ke cin hatsi. Su yi dako, su yi ga-ruwa, wasu su yi karatun allo. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ka gan su sun dawo da tufafi da kuɗin haraji. Tafiyar tana da lokacin fita, tana da lokacin komowa.

Abin da ya sake a zamaninmu shi ne komowar. Farin 1973 da 1974 da kuma na 1984 sun karkashe dabbobi, gidaje da dama suka tashi ɗungurungum. Jama'a kuma ta ƙaru: ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, miliyan 3 da rabi daga ciki a jihar Damagaram. Gonar da ta ciyar da gida guda, magada da yawa ke raba ta yau. Ga shi tun da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, manyan ofisoshi suka yi mana nisa. Saurayi ya duba bai ga abin da zai dawo ya tarar ba, sai cin rani ya koma ƙaura.

Wuraren da ake zuwa su ma ba su da tabbas. Arlit ta ja ma'aikata tun da aka fara haƙar uraniyum a 1971, amma kamfanin Cominak ya rufe a 2021. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ƴan Nijar hannu wofi. Zinariyar Jado ta 2014 ta azurta kaɗan, ta bar da yawa da bashi. Iyakar Najeriya ta rufu a 2019, ta sake rufuwa a 2023, faɗuwar naira kuma ta cinye abin da ake aikowa gida. Ba mu manta da mutum 92 ba, akasarinsu mata da yara ƴan jiharmu, da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a 2013. Allah ya jiƙan su. Matatar mai ta Soraz da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut abin alfahari ce, sai dai aikin irin wannan wuri na mai takarda ne da mai sana'a a hannu.

Ba wanda zai ɗaure ƙafar saurayi, domin Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kuɗin da suke aikowa ne ke sayen hatsi lokacin da rumbu ya ƙare. Aikin da ke gabanmu shi ne kowane matafiyi ya san yana da abin komowa. A kan haka nake roƙon abu huɗu.

Na farko, gonar wanda ya tafi amana ce. Dokar karkara ta 1993 ta tabbatar wa sarakuna ikon sulhu a rikicin ƙasa. A rubuta aro da jingina a gaban shaidu, a kiyaye burtali, kada ɗan cin rani ya dawo ya iske an cinye gadonsa.

Na biyu, dabba. Muna sayar da ramammen rago da arha cikin bazara, wani ya turke shi ya kai Maigatari ya ci ribar. A taimaki matanmu da jarin turka, a ƙarfafa rumbun tsimi, don kada yunwa ta riƙa yanka mana farashi.

Na uku, itace. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun mayar da gawo gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa lokacin sassabe. Dabara ce da ba ta cin ko dala, mu gwada ta da itatuwan da ƙasarmu ke karɓa.

Na huɗu, ilimi. Tun 2010 akwai jami'a a Damagaram. Yaron da ya fita da karatu ko sana'a, birni na neman sa. Wanda ya fita hannu sake, birni na cin ƙarfinsa ya yar.

Ku kuma ƴan Alakos mazauna Yamai da Damagaram da Agadas da Kano, ku haɗa kai ku kafa asusu, ko rijiya guda ko aji guda a shekara. Ku riƙa kawo ƴaƴanku su san gidan kakanninsu, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ranka ya daɗe, sarauta da jama'a take tsayawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya ƙara wa sarki lafiya da adalci.