Asid Mai Ɗauke da Oksijin: Jawabi ga Malaman Firamare a Taron Bita na Reshe



An umarce ni da in yi tsokaci a kan wani rukunin sinadarai da yaranmu ke cuɗanya da su kullum, alhali ba su san sunansu ba, wato asid masu ɗauke da oksijin.

Sunan oksijin kansa daga nan ya samo asali. A shekarar 1777 masanin Faransa, Antoine Lavoisier, ya raɗa wa iskar wannan suna daga harshen Girka, ma'anarsa "mai haifar da asid", domin ya zaci kowane asid yana ɗauke da ita. A 1810 Humphry Davy na Ingila ya nuna cewa asid ɗin HCl, irin wanda ke cikin tumbinmu, babu oksijin a cikinsa ko kaɗan. Daga nan aka gane cewa haidurojin ne ginshiƙin asid, aka kuma raba su gida biyu: masu oksijin da marasa shi.

A cikin masu oksijin, akwai ƙwayar zarra guda a tsakiya, kamar salfa ko naitirojin ko fosfaras ko kulorin. Oksijin yana manne da ita, haidurojin kuma yana rataye a jikin oksijin. Ƙarfin asid shi ne sauƙin da yake sakin wannan haidurojin a cikin ruwa. Oksijin yana janyo ilaktiron zuwa gare shi, saboda haka duk sa'ad da yawansa ya ƙaru a kewayen ta tsakiya, sai riƙon haidurojin ya yi sako-sako. Shi ya sa HClO, mai oksijin ɗaya, wanda ke samuwa idan aka zuba kulorin a ruwan sha har ya kashe ƙwayoyin cuta, ba shi da ƙarfi. HClO4 kuwa, mai huɗu, yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani.

Misalan suna ƙofar gidajenmu. Ruwan batirin mota H2SO4 ne da aka sirka. Da shi ake sarrafa dutsen fosfet ya zama takin zamani na sufa, hanyar da John Lawes ya yi wa rajista a Ingila a 1842. Kumfar lemon kwalba tana tare da H2CO3, tsamin tsamiya da na lemun tsami kuma daga dangin nan suke.

Rashin ɗakin gwaji bai isa ya hana mu koyarwa ba. A dafa zoɓo, a raba a kofuna uku. A matsa lemun tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A jiƙa kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. A bar na uku don kwatanci. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi nauyi a wuyanmu shi ne kariya. Da yawa daga ɗalibanmu suna zuwa gareji ko wurin masu cajin batir bayan an tashi. Mu sanar da su cewa ruwan batir yana cin fata, yana makantarwa. Idan ya taɓa jiki, a cire tufar, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na kimanin minti 20, sannan a garzaya asibiti. Kada a shafa manja ko toka. Wajen sirkawa kuma, asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, domin idan aka juya, zafin da ke tashi kan sa ya fantsama.

Ina roƙon reshe ya sanya wannan darasi cikin bitar zango mai zuwa. Allah Ya kare mana yaranmu.