Hayaƙin Kwalta da Lafiyar Leburan Hanya

Duk wanda ya taɓa ratsa Karfi, ko wani gari na ƙasar Malumfashi da Funtuwa, a lokacin da ake facin hanya, ya san warin nan mai kama maƙogwaro. Za a girka duro bisa murhu, a hura masa itace, wani sa'in har da tsohuwar taya, lebura yana tsaye a kansa yana kwasa. Manomi murna yake yi, domin motar masara da ta auduga za su wuce lami lafiya. Lebura kuwa shi ake bari da hayaƙi.

Ita kwalta, watau baƙin abin nan mai kauri da ke saura bayan an tace ɗanyen mai, idan ta yi sanyi ba ta cika ɓarna ba. Wuta ce ke tayar da sharrinta. Galibi akan shimfiɗa ta da zafin digiri 150 zuwa 180, kuma masana sun gano cewa ƙarin digiri 12 kacal yakan kusan ninka hayaƙin sau biyu.

To, a nan ne kwaltar zamani ta zo da nata. Don kada hanya ta yi laushi da bazara, manyan motoci su yi mata kwari, sai injiniyoyi suka riƙa haɗa kwalta da roba. Charles McDonald ya gwada garin tsofaffin tayoyi a birnin Finiks na Amurka tun shekarun 1960. Hanya takan yi ƙarko, babu shakka, amma haɗin ya fi kauri, saboda haka sai an ƙara masa wuta.

Jan ido da tari da ciwon kai, waɗannan lebura ya san su tun kafin likita ya faɗa. A shekarar 2011 kuma, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sanya hayaƙin aikin shimfiɗa kwalta cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa ciwon daji.

Akwai haɗin da ake shimfiɗawa da ragin digiri 20 zuwa 40. Amma duron bakin hanya ko ma'aunin zafi ba shi da shi, da ido ake auna shi. Ma'aikacin da ke rubuta sharuɗɗan kwangila yana da ikon ƙayyade iyakar zafi, ya wajabta ma'auni, ya hana ƙona taya, ya kuma sa a girka duro nesa da inda mata ke sayar da fura.